Cigiyar da Babanku Ya Yi a Darrasa

Tun ranar zaman makokin Babanku nake jin maganar nan tana yawo, kuma na san ta iso kunnenku, don na ga yadda 'yar'uwarku Aisha ta shigo ɗakina idonta jawur ta ƙi faɗa mini abin da ya same ta. Wai an koro shi daga Masar ne saboda ya saci zinariyar Fir'auna. Wasu ma sun ƙara gishiri, wai da ita aka gina gidan nan da muke ciki, gidan da har yau ɗakin baya ba a yi masa silin ba. To ku saurara ku ji daga bakin wadda aka yi abin a gabanta. Ban iya tsara magana irin tasa ba, kuma ba zan yi masa kwalliya don ya rasu ba. Inda ya yi daidai zan faɗa, inda ya ba ni haushi ma zan faɗa, don har yanzu in na tuna sai in ji ƙirjina ya yi zafi.

Ku manyan kuna Funtuwa wurin kakarku Inna a lokacin, ƙananan ne kawai muka tafi da su, su kuma ba su san komai ba sai wasa. Babanku ya riga ya fara furfura sa'ad da ya samu tallafin zuwa yin digirin dakta. Muka kama haya a babban birninsu, a unguwar Ainu Shams, saboda can ne da sauƙi, a hawa na sama, da 'yar baranda da nake shanya. Kullum da safe sai ya hau jirgin ƙasa na metro, ya sauka ya kama bas zuwa Darrasa, inda jami'a take da shagunan littattafai. Abin da yake rubutu a kai shi ne ma'aunin zakka, wato nauyin dirhami da dinari na farkon Musulunci da yadda za a kwatanta su da abin da mutane ke riƙewa yanzu. Shekaru ya kwashe a kai, har idonsa ya raunana ya fara sa tabarau. Abin da muke jira mu duka shi ne munaƙasha, ranar da ɗalibi zai zauna a kujera gaban manyan malamai ya kare abin da ya rubuta, a tashi a ce masa dakta. Saboda ranar nan na bar 'ya'yana a hannun tsohuwa, saboda ita na koyi karya kumallo da wake da gurasa, na jure sanyin da ke shiga har ƙashi. Ba zan ɓoye muku ba, na fi shi ɗokinta.

Sai ga hargitsin ƙasar ya zo. Ku a nan kuna kallo a talbijin kuna kuka, mu a can muna kulle ƙofa. Bayan ƙura ta lafa ma abubuwa ba su koma daidai ba: yau a buɗe jami'a, gobe a rufe, 'yan sanda sun yi ƙaranci a titi, kowa na yin abin da ya ga dama. Rubutun Babanku ya kammala, saura malaminsa ya sa hannu a sa rana. Wani dattijo ne mai kirki, mu dai Duktur muke ce masa. Shi kuma a daidai lokacin ciwo ya kwantar da shi, aka kai shi ƙauyensu can kudu, aka ce sai ya samu sauƙi. Kun san Babanku bai iya zama haka kawai ba. Ya gyara famfon da bai lalace ba, ya jera littattafansa ya sake jerawa, har ya fara shigo mini kicin yana tambayar me ya sa nake soya albasa kafin tumatir. Na ce masa, Malam, don Allah ka nemi abin yi, ka fita mini daga nan. Da na san abin da zai samo, wallahi da na ba shi wuƙa ya yi ta yanka mini albasa.

A ƙasanmu akwai wani Bahaushen Sudan, Abdurrahim, wanda ke zuwa hamada neman zinariya. Da zai tafi ganin iyalinsa sai ya hawo da wata doguwar jaka ya ce a ajiye masa. Na'urar neman ƙarfe ce a ciki: sanda mai faifai a ƙasa, da abin da ake sawa a kunne. In ka bi da faifan a kan ƙasa, ko'ina akwai ƙarfe a binne sai ta yi kuka. Da bakinsa ya ce:

"Ya Malam, in ka so ka riƙa kunna ta lokaci-lokaci, zama yana lalata ta."

Babanku ya fara da tsakar ɗaki. Ya ɓoye cokali a ƙarƙashin darduma, ya nemo, ya yi ta dariya kamar yaro. Ya gano cewa ƙarfe baƙi kukansa mai kauri ne, tagulla da azurfa kuwa siriri. Bayan 'yan kwanaki ya ce mini akwai wani fili a bayan tsohuwar ganuwa ta wajen Darrasa, tudu ne na shara da ɓaraguzan gini da aka yi ta zubarwa tun zamanin da, yanzu samari na buga ƙwallo a gefensa, mutane na ratsawa. Ba shinge, ba mai gadi, ba na kowa ba ne, in ji shi. Ya ce shekara da shekaru yana rubutu a kan dirhami, ya karanta nauyinsa a littafi ya fi a ƙirga, amma bai taɓa riƙe ko ɗaya a tafin hannunsa ba, sai dai ya leƙa ta bayan gilashi. Yadda ya faɗi maganar sai ya ba ni tausayi, na ƙyale shi.

Haka ya riƙa wargaza na'urar, ya cusa a buhun shinkafa, ya fita bayan karin kumallo, ya dawo kafin la'asar ƙafarsa futu-futu da ƙura. Me yake kawowa? Ƙusa, marfin kwalba, guntun makulli, zoben jaki, cokali mara kai. Ya mayar mini da baranda bola. In na yi magana sai ya ɗaga wata tsatsattsiyar ƙusa ya ce, ki duba, wannan da hannu aka ƙera ta. Na ce, to Allah ya ba mai ƙirar lada, ni dai ina zan shanya wankina? Sau ɗaya na bi shi, don in ga abin da ke raba ni da mijina. Na zauna a kan dutse da fulas ɗin shayi ina kallonsa yana tafiya sannu-sannu, yana kai faifan dama da hagu, kansa a sunkuye. Sai ya tuna mini da mata masu kalar gyada a gonar da aka riga aka cire. Ya kira ni ya sa mini abin a kunne. Da farko shiru, sai wani ɗan kuka siriri daga ƙarƙashin ƙafata. Tsigar jikina ta tashi. Ya ce:

"Mairo, duk inda kika taka a garin nan, akwai wadda ta yi girki a wurin, ta yi faɗa da mijinta, ta ɓatar da allurarta. Mu ma haka za a taka mu."

Na ce masa ni ban ɓatar da allurata ba tukuna, ya tashi mu tafi rana ta yi. Da aka tona wurin, maɓallin riga ne.

Ranar da abin ya faru, ya dawo tun kafin azahar, bai ko yi sallama da ƙarfi ba. Ya wuce banɗaki ya rufe. Da ya daɗe na leƙa, na tarar da shi a tsugune da burushin haƙorina, nawa fa, yana goge wasu abubuwa a cikin kwano. 'Yar ƙaramar tukunyar ƙasa ce ya tono, bakinta a fashe, cikinta cike da kuɗin da, sun manne da juna sun yi kore da baƙi. Ba su cika tafin hannu biyu ba. Babu zinariya ko ƙwaya, ku riƙe wannan. Tagulla ne, sai 'yan azurfa sirara kamar ɓawon albasa. Ya ɗauki ɗaya ya kai bakin taga, ya gyara tabarau, ya juya shi, ya sake juyawa. Ina kallon fuskarsa, murnar ta bi ta zube a hankali. Na ce lafiya? Ya miƙo mini. Rubutu ne na Larabci irin mai kusurwa-kusurwa, ni ban iya karanta shi ba, amma shi ya karanta mini: kalmar shahada ce a tsakiya.

"To ai alheri ne," na ce. "Ga dirhaminka ka riƙe."

"Ba nawa ba ne, Mairo. Da na mutanen kafin Musulunci ne, sai in fitar da kashi ɗaya cikin biyar, saura ya halatta mini. Amma wannan dukiyar Musulmi ce. Tsintuwa ce. Sai an yi cigiya shekara guda."

"Cigiya? Ga wa? Mai shi ya mutu tun kafin a haifi kakan kakanka!"

"Yana iya yiwuwa ya bar magada."

Na ɗauka wasa yake. Da na ga ba wasa ba ne, sai na sauka wurin maƙwabciyata Ummu Hani, 'yar ƙasa ce, muna musayar gishiri da labari. Na kewaya na tambaye ta, kamar labarin wani nake ba ta, me ake yi wa wanda ya tono tsohon abu a ƙasa. Ta dafe ƙirji, ta tashi ta rufe taga. Ta ce a ƙasarsu duk abin da ya tsufa a cikin ƙasa na hukuma ne, ko a tsakar ɗakinka ka same shi, kuma tonon ma kansa laifi ne, ana ɗaure mutum shekaru. Ta ce yanzu ma da ido ya yi ƙaranci mutane na ta tono a ɓoye, shi ya sa duk wanda aka kama ba a yi masa da sauƙi, balle baƙo. Na hau bene da sauri. Na faɗa masa duka. Na ce ya mayar inda ya ɗauko, ya ce wanda ya riga ya ɗauki tsintuwa ta hau wuyansa, in ya mayar ta ɓata shi za a tambaya. Na ce to a jefa a kogin Nilu, ba wanda ya gani. Ya yi mini wani irin kallo, ya ce akwai wanda ya gani. Na ce a bari Duktur ya warke a tambaye shi, ya ce ba a jinkirta cigiya. Na yi kuka, na yi faɗa, na tuna masa ku da Inna da shekarun da muka zuba. Na ce:

"Malam, saura sa hannu ɗaya fa. Ka yi munaƙasharka, mu koma Funtuwa, can ka hau hasumiya ka yi ta cigiya har muryarka ta dushe."

Ya ce dai zai yi shawara. Na ji sanyi, na ɗauka wani ɗan ƙasa mai hankali zai nema. Ina! Washegari sai ga abokan karatunsa 'yan gida sun cika mini falo, daga Abbasiya, daga Darrasa, kowa da littafi a hammata. Na tuƙa musu tuwo da garin da nake tattali, suka cinye tas, suka baje littattafai a kan darduma. Daga azahar har magariba suna musu. Wannan ya ce a mazhabarmu kaza, wancan ya ce a'a, in an yanke ƙauna daga samun mai shi hukuncin ya canja, wani ya ce sai an duba ko ƙasar da yaƙi aka buɗe ta ko da sulhu. Masu ilmi ne, wallahi, ba na raina su. Amma duk cikinsu babu wanda ya ambaci ɗan sanda. A wurinsu tambayar ɗaya ce, halas ko haram. Sun yi shekaru a Masar, amma daga ɗaki sai aji sai masallaci. Na kasa haƙuri, na tsaya bayan labule na ce:

"Malamai, ku yi haƙuri da katsalandan. Dokar mutanen ƙasar fa?"

Sai wani mai siririyar murya ya ce:

"Hajiya, ai wanda ya fito fili ya yi cigiya ba ɓarawo ba ne. Wace hukuma ce za ta kama mai neman mayar da amana?"

Suka ce ƙwarai kuwa. Aka tashi a kan cewa cigiya ita ce mafi tsantseni. Na koma kicin na zauna a ƙasa kusa da tukunya, ban ko iya wanke ta ba.

Ranar Juma'a ya sa farar rigarsa ya tafi wani ƙaramin masallaci da ke kusa da filin, don an ce ana cigiya ne a inda aka yi tsintuwa. Ban je ba, amma waɗanda suka raka shi sun ba ni labari. Ana sallamewa ya fita ya tsaya a bakin ƙofa, daga waje, wurin takalma, ya ɗaga murya da Larabcinsa na littafi, ya ce ya tsinci wata tsohuwar dukiya a tudun bayan ganuwa, duk wanda yake da haƙƙi ya zo ya faɗi alamarta. An ce mutane sun tsaya da takalma a hannu suna kallonsa. Wasu sun yi dariya. Wani tsoho ya ja hannun rigarsa ya ce masa a kunne, khalas, ya isa haka, ya Shaikh, tafi gida, rufe bakinka. Babanku ya yi masa godiya, ya maimaita cigiyar. Juma'a ta gaba ya koma.

Sai masu dukiya suka fara fitowa. Kai, ashe magadan suna da yawa! Wannan ya ce kakansa ne ya binne, wancan ya ce ya gani a mafarki. Babanku ya karɓi kowa da mutunci, ya tambaye shi a cikin me take, me aka rufe bakinta da shi, wane iri ce. Wani ya ce akwatin ƙarfe, wani ya ce jakar fata cike da zinariya. Sai ya ce musu ma'alish, ku yi haƙuri, ba ita ba ce. A cikinsu akwai wani mai shagon tsofaffin kaya, ana ce masa Ragab. Shi bai tsaya ƙaryar gado ba. Ya bi Babanku har tashar bas, ya ce ya sayar masa, kuma ya riƙa kawo masa duk abin da na'urar ta samo. Babanku ya ce ba ya sayar da abin da ba nasa ba. Mutumin ya sake tare shi, ya sake, har ya zo mana Ainu Shams ya tsaya a ƙofar gida yana murmushi. A zuwansa na ƙarshe ya ce, ya Shaikh, ko ka sayar mini, ko ka bayar kyauta ga waɗanda ba za su ce maka na gode ba. Na ji shi da kunnena daga saman bene. Ban ga wanda ya kai ƙara ba, saboda haka ba zan rantse ba, amma ba a yi mako ba 'yan sanda suka zo.

Da hantsi ne, ina tsince shinkafa. Ba su yi mana wulaƙanci ba, gaskiya. Babanku da kansa ya ɗauko tukunyar daga saman kabad, a naɗe cikin tsohon rawaninsa, ya ɗauko na'urar, har da tarkacen baranda ya ce su haɗa. Babban cikinsu ya tambaye shi ko ya sayar da wani abu, ya ce ko ɗaya. Ya tambaye shi me ya sa ya je yana shela a masallaci. Da Babanku ya fara yi masa bayanin hukuncin tsintuwa, mutumin ya dube shi, ya dubi na kusa da shi, ya shafa goshi. Suka tafi da shi. Na tsaya a baranda ina kallon farar hularsa har motar ta sha kwana, ƙananan suna riƙe da zanena suna tambayar ina za a kai Baba.

Kwanakin da ya yi a tsare ba na son tuna su. Ummu Hani ce ta riƙa raka ni kai abinci. Wani ma'aikacin ofishin jakadancinmu ya yi ta kai-kawo, Allah ya saka masa. Limamin masallacin ya zo ya ba da shaida cewa mutumin nan a fili ya yi cigiya, ba sau ɗaya ba. Abokansa masu littattafai kuwa sun zo, kansu a ƙasa, mai siririyar muryar nan ko ido bai iya haɗawa da ni ba. Sai ga Duktur, an kawo shi daga ƙauye yana dogara sanda, ya rame. A gabana suka haɗu a wani ɗan ofis. Babanku ya tashi zai sumbaci hannunsa, tsohon ya janye. Ya yi magana a hankali yadda har ni na gane:

"Ɗana, ka karanta babin tsintuwa ka haddace. Babin da ya ce shugaba na da ikon hana abu don maslahar jama'a, shi ba ka kai wurin ba? Ƙasar nan ta ajiye mutane da aikinsu ke nan. Da su suka tono tukunyar, da sun san zurfin da take, da abin da ke kusa da ita, da gidan wa ne a wurin. Kai ka fizgo ta. Ka samu dirhami, ka ɓatar da labarinsa. Wannan ba ya dawowa."

Babanku bai kare kansa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, haka ne. Ni da na yi makonni ina faɗa masa bai ji ba, na so in ji daɗi, amma ban ji ba. Tsohon ya juya wurin jami'in ya ce, wannan ɗalibina ne, wauta ya yi, amma ban taɓa koyar da wanda ya fi shi amana ba, ku ɗaure ni a madadinsa in kuna so.

Ba a ɗaure shi ba. Cigiyar da ta jawo aka kama shi, ita ce kuma ta sa aka yarda ba ɗan fasa-ƙwauri ba ne. Amma an soke mana izinin zama, aka ba mu 'yan kwanaki mu fita, aka ce kada ya sake shigowa. Duktur ya bi duk ƙofar da ya sani don a bari a yi munaƙashar kafin mu tashi, ko a ɗaki ne, bai samu ba. Ba na zargin mutanen, dokarsu ce, kuma mu muka taka. Abdurrahim ya dawo ya tarar na'urarsa ta tafi. Babanku ya sayar da littattafan da ya tara ya biya shi, duk da mutumin ya yi ta cewa a bari. Rubutun nasa kawai muka ɗauko, a cikin kwali, na sa shi tsakanin zannuwana don kada ya lanƙwashe. A jirgi ya miƙo mini ruwa, na kau da kai.

Ku manyan kun tuna isowarmu. Ba mu faɗa wa kowa abin da ya faru ba, sai muka tarar an cika ƙofar gida, an yanka rago, yara na ihu Dakta ya dawo. Ni dai na so a bar maganar haka, wa zai je Masar ya bincika? Na ma raɗa masa, Malam, ka yi shiru yau kawai. Ko zama bai yi ba. Ya tsaya a zaure, gaban Inna da 'yan uwansa da mutanen unguwa, ya ce:

"Jama'a, na gode. Amma ban zama dakta ba. Na yi kuskure a ƙasar mutane, an sallame ni."

Daga wannan tsayuwar duk surutun da kuke ji ya samo asali. Shi ya ba su rabin labari, suka cika saura da zinariya. Aikin jami'a da aka yi masa alkawari ya tafi. Ya koma makarantar da ya baro, waɗanda ya koyar suka zama shugabanninsa, yana gaishe su da safe ba tare da fuskarsa ta canja ba. Duk wanda ya ce masa dakta, ko da wasa ne, sai ya gyara masa. Na yi kusan shekara ina dafa masa abinci ina ajiyewa ba tare da na zauna kusa da shi ba. Bai taɓa ce mini kin yi gaskiya ba, ni ma ban taɓa ce masa na huce ba. A hankali dai muka koma cin abinci kwano ɗaya. Ya yi ta rubuta neman a ɗage masa hanin, ba amsa, har labari ya zo cewa Duktur ya rasu. Ranar ya shiga ɗaki ya rufe, da ya fito bai sake tayar da maganar Masar ba. Na ɗauka ya manta, har nakan ji haushin yadda abin bai dame shi ba.

A ciwonsa na ƙarshe, wata ranar da rana kun fita sayo magani, daga ni sai shi, ina yi masa fifita. Ban san abin da ya ja bakina ba, na ce:

"Malam, da za a mayar da mu can, za ka sake yin cigiyar nan?"

Ya rufe ido, har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Sai ya ce:

"Cigiya zan yi. Tonon ne ba zan yi ba."

Na ce, kai dai har gobe ba ka canjawa. Ya yi ɗan murmushi. Sai na ga hawaye na gangarowa ta gefen idonsa zuwa kunne, shi da ban ga kukansa ba ko a ranar da aka tafi da shi. Ya kamo hannuna da maficin a ciki, ya ce:

"Mairo, na so in zauna a kujerar nan. Na shirya amsar duk abin da za su tambaye ni. Har yau ina bitarta bayan asuba."

Ban san haka ba. Shekara da shekaru ina wucewa ta ƙofar ɗakinsa da buta, ina jin yana magana ƙasa-ƙasa da Larabci, na ɗauka lazimi yake. Na ajiye maficin, na gyara masa matashi, na jawo kujera gabansa na zauna. Na ce, to ga ni, ban san komai a kan dirhami ba, amma ka faɗa mini. Ya gyara murya, ya yi bismilla, ya fara.